Yoyo a Bayan Tayil ɗin Hajiya

Duk sanda yaro ya shigo shagona sayen gam da bututun roba, ya ce ai aikin famfo shafa ka liƙa ne, abu ɗaya nake tambayarsa: ya taɓa neman yoyon da ba ya gani? Ruwan da ke ɗiga a gabanka kowa ma zai tsayar da shi. Wanda ke cikin bango, an rufe shi da siminti an bi da tayil, shi ne zai nuna ko ka koyi sana'ar ko kuwa sifana kawai ka saya.

Ni a hannun Oga Danladi na koya, wani Basayi ne daga kudancin Bauchi da aikin gwamnati ya kawo Azare, yana kuma karɓar aikin gidaje in ya tashi daga ofis. Aikin farko da ya ɗauke ni a gidan wani ma'aikaci ne a garin Katagum. Lokacin babu bututun roba, duk na ƙarfe ne. Sai ka ɗaure shi a bais, wato ƙarfen da ke matse shi, ka yanka da zarto, sannan ka yanka masa zare, wato tsagar da ake murɗawa, da dayis, kana juyawa kana ɗiga masa mai. Ranar manmu ya ƙare, sai Oga ya aike ni wajen mai ƙosai na sayo man gyaɗa. In ka gama zaren, sai ka warware igiyar buhu ka naɗa, ka shafa jan fenti, ka ɗaure da renci biyu, ɗaya na riƙo ɗaya na juyi. Na haɗa layin duka ina jin daɗin kaina. Magini yana tsaye da kwanon siminti zai rufe, Oga ya ce a dakata. Ya sa 'yan garuwa suka cika tanki, muka zauna a gindin bishiyar maina har la'asar muna kallon bututu kamar masu gadin gawa. Magini ya yi ta tsaki. Oga bai ko kalle shi ba. Shi a wajensa mai gida zai ɓoye maka abin da ya yi wa famfo, magini zai ɓoye maka abin da ya taka, kai ma hannunka zai iya yaudararka, amma ruwa ba ya rufa wa kowa asiri.

Da na samu 'yanci na yi shekaru ina yawon aiki tsakanin Azare da Shira da Jama'are. A nan na lura cewa mai sayar da kayan ya fi mai ɗaurawa kwana da daɗi. Na kama ɗan shago a bakin kasuwa, ina sarin kaya daga Kano, ina kuma ɗaurawa da kaina in mai saye ya so. Ba wanda ya ba ni jari. Abin da nake da shi ɗaya ne: an san in Ya'u ya ce kaya na gaske ne, to na gaske ne.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo. Kayan waje suka yanke, abin da ya rage ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Nan jabu ya cika kasuwa. Za a kawo maka bawul, wato makunnar ruwan da ake binnewa a bango, yana ƙyalli kamar tagulla, cikin kwali mai kyau. Ka kankare shi da wuƙa sai ka ga farin ƙarfen banza, ruwan tagulla kawai aka shafa masa. Bayan 'yan watanni ya tsage. Mutane suka daina yarda da kowa. Mai saye zai riƙe kaya yana jinjinawa, idonsa a kan fuskarka. Mu ma dillalai muka riƙa zargin juna. Ni kaina in ɗan'uwana mai shago ya aiko a ba shi aron kaya, sai na yi musu alama kafin su fita.

A cikin wannan shekarar Alhaji Buba ya aiko a kira ni. Bafillatani ne, babban dillalin shanu, wanda in ya yi magana a kara sai ta kai Gamawa kafin dare. Kafin kaya su yanke ya gina gida, ya ɗauko mahaifiyarsa daga ruga ya yi mata sashe nata, har da banɗaki mai shaya. Ya je Kano da kansa ya zaɓo tayil kore-kore mai zanen ganye. Ni na sayar masa da kayan famfon, ni na ɗaura. Modu, wani Babarbare da ya fi kowa iya tayil a garin, shi ya bi bangon.

Na same shi a zaure, Modu na zaune a gefe. Alhaji ya amsa gaisuwata a gajarce.

"Malam Ya'u, bangon ɗakin Dada ya jiƙe. Ƙorenta sun fara fumfuna."

"Subhanallahi. Tun yaushe, Alhaji?"

"Ba wannan na kira ka ka tambaya ba. An ce mini yanzu akwai ƙarfen da ake yi wa wanka da ruwan tagulla. Ni ban san ƙarfe ba, saniya na sani. Amma in na sayar wa mutum saniya mai ciwo, na san abin da za a ce da ni a kara. Abin da ke cikin bangon nan, in na jabu ne, ranar kasuwa zan faɗa da bakina."

Bai ɗaga murya ba, kuma na san zai aikata. In Alhaji Buba ya ce Ya'u na sayar da jabu, sai dai in rufe shago in koma ɗaukar renci, in ma an ba ni aikin.

"Sannan kuma," ya ce, "ba a fasa mini tayil ko ɗaya. Na aika Kano, an ce irinsa ya ƙare."

Modu ya yi dariya. "Ka ji Fillo. Jiya-jiya kuke wanka a bayan geza, yau kun san tayil."

"Rufe mini baki, Babarbare. Kai ma ban wanke ka ba. Wa ya sani ko ku biyun bakinku ɗaya."

Modu ya haɗiye dariyar. Ni ma ta gefen ido nake kallonsa. Na san na sayar da bawul na gaske, amma tsakanin ranar da na gama ɗauri da ranar da aka rufe bango, Modu da ma'aikatansa ne a wurin. Na sha jin labarin maginin da ke kwance na kirki ya ɗaura na banza, ya kai na kirkin kasuwa.

Aikin irin wannan ba da guduma ake fara shi ba. Aka yi mana iso, na shiga banɗakin. Na sa aka cika tanki, na yi wa bakin ruwan alama da gawayi, na ce kada kowa ya buɗe famfo a gidan. Da na dawo washegari ruwan ya sauka. Wannan ya gaya mini yoyon ba ya jiran a kunna shaya, yana nan kafin bawul ko a jikinsa. Na kwance mariƙin bawul ɗin, wato hannun da ake murɗawa a jikin bango, na cire faifan da ke rufe ramin, na zaro sandar ciki. Nauyinta a hannu ya ɗan kwantar mini da hankali, amma sanda daban, jikin bawul daban. Na canza robar, na sabunta igiyar da ke matse wuyan sandar, na mayar. Sau da yawa nan matsalar take, ka gama ba ka taɓa bango ba. Na cusa busasshen tsumma ta gefen ramin, muka jira. Da na zaro shi, ya jiƙe sharkaf ta can ciki.

Na ce wa Alhaji dole a buɗe bango. Ko ta gaba a yi asarar tayil, ko ta baya, ta cikin ɗakin Hajiya, mahaifiyar tasa, inda filasta ce kawai.

Ya dubi ƙofar ɗakin, bai matsa ba. A nan na gane akwai wata wahalar. Alhaji ɗan fari ne. Hajiya ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa in tana magana, shi ma ba ya wuce bakin ƙofarta. Ya tsaya a waje ya yi bayani da Fulatanci, kansa a ƙasa. Ita kuma tana ciki tana amsa wa bango. Ina jin Fulatanci daidai gwargwado, amma ban nuna ba, don na fi son in ji abin da za su ce in suna ganin ban ji. Ta ce mutanen gari ba su fasa bango sai in akwai abin da suke so su gani. Ta ce mai renci ɗin nan idonsa ya cika yawo. Ta ce in dole ne, to tana zaune za a yi, kuma ba namijin da zai taɓa mata ƙwarya.

Ƙoren nan a jere suke a jikin bangon, manya da ƙanana, an sassaƙa musu zane, wasu tun na aurenta. Na ƙasa sun yi baƙi-baƙi. Ita kaɗai ta kwashe su, ɗaya bayan ɗaya, tana dafa gwiwa, tana goge kowacce da gefen zane. Hantsi ya yi ya wuce muna jira a tsakar gida. Na yi mata tayin a kira matan gidan su taya ta, ta yi kamar ba ta ji ba.

Na auna daga kusurwar banɗaki zuwa mariƙi, na zagayo na auna ta baya, na zana da gawayi. Fasa bangon da ke da tayil a ɗaya fuskar sai da lallashi. Ƙaramar guduma da siririn cizal, ka buga a karkace, ba kai tsaye ba, don girgiza ce ke ɓamɓare tayil. Na sa Modu ya tsaya a banɗaki ya dafa tayil ɗin da tafin hannu biyu, in ya ji motsi ya yi magana. Na yi hakan ne don tayil, na kuma yi don in san inda hannayensa suke lokacin da bawul zai bayyana. Shi ma ya gane, don ta ramin nake jin yana cewa, "Buga a hankali, mai jabu." Na ce, "Dafa da kyau, ɓarawon bawul." Hajiya na zaune a kan tabarma a bayana, idonta a kan hannuna.

Da siminti ya fara fitowa a jiƙe na ajiye guduma na koma tono da tsinin cizal. Bawul ya bayyana. Na goge shi da tsumma, na kankare gefensa. Ja-ja ne har ciki. Nawa ne, ba wanda ya canza shi. Ruwan kuwa daga ƙasansa yake tsattsafowa, inda gajeren bututun ƙarfe ya shige shi. Bututun ya tsage daidai zaren ƙarshe, kuma bawul ɗin gaba ɗaya ya ɗan sunkuya gaba, kamar an danne shi ta wajen mariƙi.

Na kira Alhaji ya leƙo daga bakin ƙofa. Modu ya zagayo ya duba.

"Ka ci zaren da yawa," in ji Modu. "Ka sirantar da ƙarfen."

"Zaren da aka ci da yawa ba ya sunkuyar da bawul. Wani ya taka shi. Wa ya hau mariƙin nan lokacin da ake tayil ɗin sama?"

"Ni da nake da benci zan hau famfo? Ka gan ni kamar biri?"

Alhaji ya dube ni ya dube shi. "To kun gama wasan? Ɗaya ya ce ɗaya ne, ɗayan ya ce ɗayan ne, ni kuma in biya. Ciro mini ƙarfen nan ka ba ni a hannuna." Ya ja Modu suka fita zaure suna ta musu.

Na rufe ruwa daga tanki, na yanke bututun da zarto, na koma banɗaki in kwance mariƙin don bawul ya zaru ta baya. A nan, da hasken taga ya faɗa a kansa, na ga abin da ban kula da shi ba da farko. A wuyan mariƙin, ta sama kaɗai, farin ƙyallin ya goge, an samu siririn layi kamar wanda igiyar guga ke yi a bakin rijiya. Takun ƙafa ba ya yin haka. Abu ne da ake ratayawa kullum. Na ɗaga kai na dubi kan shayar. Gizo-gizo ya yi saƙa a ramukansa. A kusurwa kuma ga bokitin ƙarfe, irin manyan nan masu hannun waya.

Na dawo ɗakin na durƙusa nesa da tabarmarta.

"Hajiya, in za ki yi wanka, ina kike ajiye bokiti?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Da Hausa ta amsa, Hausarta tas. "Me ya haɗa ka da bokitina? Bango aka kira ka ka gyara."

"Bangon ne ya aiko ni."

Ta juya wata ƙwarya a cinyarta. Sannan ta ce, "A jikin ƙugiyar nan nake rataya shi. Gwiwata ba ta son sunkuyo. Ba don haka aka sa ta ba?"

"Ba kya kunna na saman?"

"Ruwan da ya kwana a kan rufi, ban ga abin da ya faɗa ciki ba? Ko ƙadangare ya mutu a ciki, wa zai gaya mini? Da shi zan yi sallah? Na rijiya ake ɗebo mini, in gan shi da idona."

"Alhaji ya sani?"

Ta kawar da kai. "Wancan ya yi abinsa don in ji daɗi. Zan aika a ce masa ba na so ne?"

Shi ke nan. Tun da aka gina wurin, bokiti cike da ruwa yake lilo a wuyan bawul safe da yamma. Ita kunya ta hana ta faɗa, shi kunya ta hana shi shiga ya gani. Na gaya mata a hankali cewa nauyin ne ya tsaga ƙarfen. Ba ta musa ba, ba ta kuma ba da haƙuri ba. Ta dai ce, "Kai ɗan kasuwa ne. Bakinku ba ya rufuwa." Na ce mata nawa yana rufuwa. Kallon da ta yi mini bai nuna ta yarda ba.

Na yanka sabon guntun bututu, na sa yuniyan, wato mahaɗin da ake iya warwarewa, don in wani abu ya sake faruwa a kwance ba sai an yanka ba. Na ɗaura sabon bawul irin na da, na ɗaure shi a jikin bulo da ƙarfe biyu. Na bar ramin a buɗe har sai da bangon ya bushe, alamar gawayi a tanki ta tsaya inda take. Maimakon siminti na sa kafinta ya yi murfin katako mai kusoshi huɗu. Ko tayil ɗaya bai motsa ba. Sannan na je wajen maƙeri ya lanƙwasa mini rodi mai kauri. Na kafa shi a filastar da ke saman tayil, ya sauko daidai ƙirjin Hajiya, da ƙugiya a ƙarshensa. Modu na gefe yana kallo. Na ce masa ba shi ba ne, ba kuma ni ba ne. Ya dubi ƙugiyar, ya dubi bokiti, ya kama baki.

Ranar da na gama, Hajiya ta koma ɗakin baƙi, Alhaji ya shiga banɗakin karo na farko tun da ta tare. Ya shafa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya yana neman tsaga. Sai ya tsaya a gaban rodin.

"Wannan fa? Ban ce a sa ba."

"Na rataya bokiti ne, Alhaji."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗaga kai ya ga saƙar gizo-gizon, don da gangan ban share ta ba. Ya miƙo hannu na ba shi tsohon bawul, ya jefa a aljihun babbar rigarsa ya fita.

Ban samu natsuwa ba. Labari ya riƙa zuwa mini cewa an ga Alhaji Buba a maƙera da wani ƙarfe, an gan shi wajen masu ƙera tukwane, har wani direba ya ce ya gan shi da shi a Jama'are. Ban ji haushi ba, da ni ne ma haka zan yi. Amma maganar ta riga ta fita. Ciniki ya ja baya. Masu shagunan da ke kusa da ni suka fara gaishe ni da fara'ar da ta wuce ƙima.

Ranar kasuwa, bayan azahar, sai ga shi ya taho daga kara da mutanensa. Ya tsaya a bakin shagona, mutane suka fara taruwa. Ya ciro bawul ɗin ya ajiye a kan teburina. Na kusa kasa gane shi. An goga masa magagari ta kowane gefe, an ma huda shi a wuri ɗaya.

"Tagulla ce," ya ce da ƙarfi. "Duk inda na kai haka aka ce."

Wani maƙwabcina mai sayar da irin kayana ya matso yana murmushi. "To madalla, Alhaji. Amma in ƙarfen lafiyarsa ƙalau, me ya kawo yoyon? Ko ɗaurin ne bai yi ba?"

Amsar na bakina, kuma da na faɗe ta na wanke hannuna tas. Amma kafin magariba da labarin tsohuwar da ta mai da shaya maratayin bokiti ya zaga kara, ana dariya ana kwaikwayon muryarta. Alhaji yana kallona kamar yadda yake kallon saniyar da bai gama yarda da ita ba.

Na ce, "Ga mai gidan nan a tsaye. Ku tambaye shi."

Alhaji ya ci gaba da kallona na ɗan lokaci. Sannan ya juya ga mai tambayar.

"Ɗaurinsa lafiya lau. Daga gidana ne, kuma ba ruwanka da gidana."

Ya gyara hularsa, ya ce in shirya kayan famfo na gidan ƙanensa da ake ginawa a Gamawa, ni zan ɗaura. Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ɗauki ɗaya daga sababbin bawul ɗin da ke kan kanta, ya zaro wuƙa daga kube, ya kankare shi a gaban kowa. Ya duba, ya ajiye.

"Irin wannan," ya ce.